Williams Ɗan Bilbao Ne, Kai Kuma Ɗan Ina Ne?

Daren 24 ga Janairun 2024 ne, hunturu ya buɗe wuta, kowa a gidan kallon unguwarmu ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. A makon nan hankalin jama'a na kan gasar kofin Afirka da ake bugawa a Kwaddibuwa, amma 'yan Barcelona suka hana mai gidan kallo kashe janareto, don ƙungiyarsu ta je baƙunci gidan Athletic Bilbao a gasar Copa del Rey, wato kofin Sarkin Sifaniya. Ko zama ba a gama yi a benci ba wani Guruzeta ya jefa musu ƙwallo a raga. Wani yaro daga baya ya ce, "Wane ne kuma Mai Gurasa?" Aka bushe da dariya, ban da 'yan Barca. An cika minti casa'in ana biyu da biyu, aka shiga ƙarin lokaci. Nan ne Iñaki Williams, wanda kwana biyu kacal kafin nan yake Abijan sanye da rigar Ghana, ya ci ta uku, ƙaninsa Nico kuma ya rufe da ta huɗu.

Wani dattijo mai sayar da kayan gwari, ɗan Barca na gani-kashe-ni, ya miƙe yana karkaɗe hula ya juyo kaina. "Malam, ba kai ne kake cika mana baki wai waɗannan mutanen ba sa sa baƙi a ƙungiyarsu ba? To ga baƙi nan har biyu sun kashe mu." Na ce, "Baba, baƙaƙe ne, amma ba baƙi ba ne." Ya ce, "Williams ɗin? Ka taɓa jin ɗan gida mai suna Williams?"

Tun daren nan maganarsa take yi mini yawo a ka. Da suna ya yanke hukunci, kuma ban ga laifinsa ba, don haka dukanmu muke yi. Sai dai ni a ganina suna shi ne shaidar da ta fi kowace rauni idan ana maganar wane ne ɗan gida, kuma jerin sunayen 'yan wasan Bilbao ya ishe ni hujja.

Duk mai bin ƙwallon Sifaniya ya san sunayen ƙungiyar nan na karya harshe. Goikoetxea, Zubizarreta, Etxeberria, Arrizabalaga, Agirrezabala, Jauregizar. Masu sharhi a rediyo kan yi ta tuntuɓe da su, yaran gidan kallo kuma su yi musu kwaskwarima yadda suka ga dama. Harshen mutanen Bask ne, masu zaune a arewacin Sifaniya da wani ɗan yanki na kudu maso yammacin Faransa. Harshe ne da masana ba su samo masa dangi ba a duk Turai, ba ya kama da Sifaniyanci, ba ya kama da Faransanci. Amma da mutum ya fasa sunayen sai ya ga ashe abin gida ne. Wannan "tx" ɗin da ke ba mutane tsoro "c" ɗinmu ce kawai, ta caca da cinya. Etxe gida ne, berri sabo. Ke nan Joseba Etxeberria, wanda ya buga wa Bilbao wasa sama da 500 kuma ya yi kakarsa ta ƙarshe ba tare da karɓar albashi ba, da a nan aka haife shi Yusufu Sabon Gida za a kira shi. Zubizarreta, mai tsaron ragar da ya koma Barcelona, Tsohuwar Gada ne. Goikoetxea, wanda ya karya wa Maradona idon sawu a 1983 har aka laƙaba masa mahaucin Bilbao, Gidan Sama ne. Mikel Jauregizar na tsakiyar fili yanzu, Tsohuwar Fada. Kepa Arrizabalaga, wanda Chelsea ta biya Yuro miliyan 80 a kansa a 2018, sunansa na nuni ne da wurin da faffaɗan dutse yake.

Dalili kuwa, a ƙauyukansu na da gida ne ke da suna. Kowane gidan gona yana da abin da ake kiransa, gwargwadon inda yake, kan tudu ko bakin gada ko kusa da dutse, duk wanda ke zaune a ciki kuma da sunan gidan ake saninsa. Wato sunan nan da yau ake ɗauka tambarin jini ne, asalinsa kwatance ne. Amsa ce ta tambayar "ina kake zaune?"

Mu ma ai haka ne, mun dai manta. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, Muhammadu Ribaɗu, Aminu Kano, duk sunayen garuruwa ne. Da aka tara yara daga larduna a makarantun boko na farko, aji ɗaya sai a sami Muhammadu biyar da Abubakar huɗu, sai rajista ta bambanta su da garin da kowa ya fito. Sani Kaita, wanda aka ba jan kati a wasan Najeriya da Girka a 2010, sunan wani gari ne a jihar Katsina yake ɗauke da shi. Kafin boko ma Bahaushe da sana'a ko unguwa ko wata siffa yake rarrabe mutane: Audu Maƙeri, Tanko Mai Tebur, Sule Dogo. Sunan dangi guda da za a gada kaka da kakanni ba namu ba ne, fom ɗin Bature ne ya zo da shi. Shi ya sa har gobe za ka ga 'yan uwa uku uwa ɗaya uba ɗaya, fasfo ɗinsu da sunan ƙarshe uku daban-daban, wani ya sa na uba, wani na kaka, wani na unguwa. Shi ya sa kuma Turawa suka rasa gane ko Umar Sadiq ne ko Sadiq Umar, ko Shehu Abdullahi ne ko Abdullahi Shehu. Mu da sunanmu bai tsaya wuri ɗaya ba, mu ne kuma muke auna asalin mutum da suna.

Dokar Bilbao ta samo asali ne wajen 1912, bayan wata rigima da aka yi a gasar kofi ta 1911 kan 'yan wasan waje da ƙungiyar ta sa. Tun daga nan suka ce da 'ya'yan gida za su yi. Yadda suke fassara ta a yau shi ne, ɗan wasa ya kasance an haife shi a ƙasar Bask, ko kuma a makarantun ƙwallon yankin ya tashi. Yankin duka, har da ɓangaren Faransa, mutanensa ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba, ko yawan mutanen birnin Kano ba su kai ba. Da wannan ɗan kwandon suke cefane, amma tun da aka fara La Liga a 1929 ba su taɓa faɗawa rukuni na biyu ba. Su uku ne kawai ke da wannan tarihi, su da Real Madrid da Barcelona. Sun ɗauki La Liga sau takwas. Kyautar Pichichi da ake ba wanda ya fi cin ƙwallo a Sifaniya laƙabin ɗan wasansu ne aka sa mata, Rafael Moreno, kuma Moreno suna ne na Sifaniyanci tsantsa. Telmo Zarra, wanda cikakken sunansa Zarraonandia ne aka gutsure don sauƙin faɗa, ya riƙe tarihin ƙwallo 251 a La Liga kusan shekara sittin kafin Messi ya wuce shi a 2014. Ga wani abin mamaki ga masu son irin wannan lissafi: wasannin La Liga da Iñaki Williams ya buga a jere ba fashi, daga 2016 zuwa Janairun 2023, su ma 251 ne cif.

Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan ƙabilanci ne aka sa masa riga mai ratsin ja da fari. Ba zan ce babu ƙanshin gaskiya a ciki ba, musamman idan aka waiwayi tarihi. Sabino Arana, wanda ya kafa jam'iyyar kishin Bask a 1895, da suna yake tace mutane. A Sifaniya kowa na ɗauke da sunan dangi biyu, galibi na uba sannan na uwa, mace kuma ba ta ajiye nata don ta yi aure. (Nan kam sun fi mu kusa da abin da addini ya ce na a kira mutum da sunan ubansa, mu da muka ari ɗabi'ar liƙa wa mace sunan miji.) To a ƙungiyar farko da Arana ya kafa, sai mai sunayen Bask huɗu, wato ta kowane ɓangare na kakanninsa, ake ɗauka cikakken ɗa. Ma'aikatan da suka kwararo daga sauran sassan Sifaniya don haƙar tama da aikin masana'antun ƙarfe na Bilbao, su da 'ya'yansu, bare ne a idonsa. Ita kanta ƙungiyar ƙwallon ta taɓa yin irin wannan tsaurin. Akwai wani Miguel Jones, baƙar fata, wanda aka haifa a 1938 a ƙasar da yau ake kira Ikwatoriyal Gini, aka kawo shi Bilbao yana ƙaramin yaro, nan ya yi karatu, nan ya koyi taka leda. Athletic ba ta ɗauke shi ba, hujjar da aka bayar ita ce ba a nan aka haife shi ba. Ya tafi Atletico Madrid ya ci kofuna da su. Ya koma Bilbao ya ƙarasa rayuwarsa, ya rasu a 2020.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka taso daga Jones aka iso Williams. Sunaye biyu na Turancin Ingila, baƙaƙen fata biyu, birni ɗaya. Ɗaya an rufe masa ƙofa, ɗayan kuma a 2025, bayan Óscar de Marcos ya yi ritaya, aka ɗaura masa ƙyallen kyaftin. Ba su yar da dokarsu ba. Tambayar da dokar ke yi ce suka sauya, daga "jinin wa ke jikinka" zuwa "ƙasar wa ta raine ka".

Labarin iyayen Williams labari ne da duk mutumin Agadas ko Zinder ko Kano zai gane, don hanyar da suka bi ba baƙuwarmu ba ce. 'Yan Ghana ne, Felix da Maria. Sun keta Sahara, wani wuri a bayan buɗaɗɗiyar mota, wani wuri a ƙasa, rairayi mai zafi ya ƙone wa uban tafin ƙafa. Suka haura shingen Melilla, garin Sifaniya da ke gaɓar Maroko, Maria na ɗauke da ciki. Da aka kama su, wani lauya ya ba su shawara su ce daga Laberiya suka fito, inda ake yaƙi a lokacin, don a ba su mafaka. Ta haka suka isa Bilbao, wani ma'aikacin coci mai suna Iñaki ya karɓe su ya yi musu hidima. Da aka haifi yaron a watan Yunin 1994 sai aka mayar masa da sunan mutumin. Mu ma haka muke yi wa wanda ya yi mana halacci, mu yi masa takwara. Daga baya suka koma Pamplona, ita ma cikin yankin da dokar ta ƙunsa, can aka haifi Nico a 2002. Uban ya tafi Landan neman abin rufin asiri ya shekara da shekaru, har aikin duba tikiti ya yi a ƙofar filin Chelsea, Iñaki ne ke kai ƙaninsa makaranta. Yau wan yana buga wa Ghana, ƙanin yana buga wa Sifaniya, shi ne ma ya fara jefa wa Ingila ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Turai a 2024. Gida ɗaya, ƙasa biyu, amma ƙungiya ɗaya, kuma babu wanda ya ce musu sai sun ajiye sunan Williams kafin su zama 'yan San Mamés, filin wasan ƙungiyar. A watan Afrilun 2024 da suka ɗauki Copa del Rey bayan shekara arba'in ana jira, suna cikin kwale-kwalen nan na gargajiya da aka zagaya da kofin a kogin birnin.

Ba su kaɗai ba ne kuma. Jonás Ramalho, wanda ubansa ɗan Angola ne, shi ne baƙar fata na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar a 2011. Yuri Berchiche ubansa ɗan Aljeriya ne. Maroan Sannadi iyayensa 'yan Maroko ne, a birnin Vitoria na ƙasar Bask aka haife shi. Kenan Kodro ɗan Bosniya ne ta wajen uba, an haife shi a San Sebastián, ita ma a ƙasar Bask, lokacin da uban ke buga wa Real Sociedad. A jera su kusa da Jauregizar da Agirrezabala, a ba wanda bai sani ba takardar ya fitar da 'yan gida da suna kawai, rabin tawagar zai kora.

To mu dawo gida, inda abin ya fi ci mini rai.

Akwai wani yaro a layinmu, ɗan wani makanike. Uban ya zo Kano daga kudu tun kafin a haife ni, a garejinsa rabin direbobin unguwar suka koyi riƙe sifana. A nan aka haifi yaron, ungozomar da ta yanke mini cibiya ita ta yanke masa. Tare da ƙannena ya yi firamare, tare suka yi tashe, tare suka sha bulalar malamin lissafi. Hausarsa ta fi tawa gishiri, don shi har zaurance yake yi. Da ya gama sakandare ya so shiga aikin ɗamara, aka ce sai da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Mai unguwa ya sa hannu ba gardama, har yana cewa a gabansa aka yi sunan yaron. Uban ya roƙe ni in raka shi sakatariya, wai ko ganin idona zai sa a sassauta.

Mun tarar da layi har bakin baranda, fanka ɗaya na juyawa a kasale, fayil-fayil a jibge kan kabad. Da aka zo kanmu, ma'aikacin ya karɓi fom, ya bi sunan da bakin biro, ya tsaya a na ƙarshe. Bai ko ɗago ya dubi yaron ba, ni ya kalla. "Malam, ɗan gidan wa ne?" Na faɗi sunan uban da garejinsa da shekarun da ya yi a gari. Ya ce, "Na ji. Amma wannan sunan ai ba namu ba ne. Ya je jiharsu su ba shi." Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, ni nan ce jiharmu." Mutumin ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin haka, ya turo fom ɗin da ɗan yatsa, ya ce na gaba ya matso. Wanda ke bayanmu kuwa sunansa ya zauna daram, irin su Musa Ibrahim ɗin nan da ba sa tayar da ƙura, ko tambaya ɗaya ba a yi masa ba. Wataƙila ɗan gari ne kaka da kakanni, wataƙila bara ya sauka a tasha. Biro bai tsaya a kan sunansa ba, shi ke nan.

Yaron ya yi kuɗin mota ya tafi garin uban nasa, inda sau biyu kacal ya taɓa zuwa a rayuwarsa. Can kuma aka yi masa magana da yaren garin ya kasa mayarwa, aka yi ta yi masa dariya ana kiransa Bahaushe. Sai da wani kawunsa ya tsaya masa, aka kashe abin da aka kashe, kafin takarda ta fito, lokacin an riga an rufe karɓar fom.

Ba ma'aikacin nan nake zargi ba, abin da ya tarar ake yi yake yi. Tushen abin na cikin tsarin mulkin 1999. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda ya fito. Amma sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya kasance ɗan asalinta, sashe na 318 kuma ya ɗaure zama ɗan jiha da cewa uba ko uwa ko kaka su kasance daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ba a faɗi shekarar da asali ke farawa ba, ba a faɗi shekara nawa baƙunta ke ƙarewa ba. Da aka bar ramin a buɗe, sai kunnen ma'aikacin sakatariya ya zama alƙali: sunan ya yi kama da namu ko bai yi ba? Wato mun tsaya inda Sabino Arana ya tsaya shekara ɗari da talatin da suka wuce, mutanensa kuma sun yi gaba sun bar mu.

Abin haushin shi ne wannan ba halin Kano ba ne. A zaga cikin badala a karanta sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Kowace unguwa shaida ce cewa wasu sun zo daga wani wuri, gari ya haɗiye su, jikokinsu yau su ne Kanawan da ba a tambaya. Hausa kanta ba jini ba ce, tukunya ce. Wanda ya zauna, ya iya harshe, ya yi maƙwabtaka ta gari, aka ci bikinsa ya ci na mutane, an gama magana. Kasuwar Kurmi ba da takardar asali ta cika ba.

Kuma wa ya fi mu sanin zafin abin? Bahaushe ne ya fi kowa yawo a Afirka ta Yamma. A Jos, mutanen da kakanninsu suka zo tun zamanin haƙar kuza har yau "'yan zuwa" ake ce musu, kuma wannan gardama ta asali tana cikin abin da ya hura wutar rikicin 2001 da na 2008. A Ghana, dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta kwashe mutanen zango da yawa waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai ita. Mu ma muka rama a 1983, muka kori 'yan Ghana da jakunkunan da har yau ake kira da sunan korar. A 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka kai shi iyakar Chadi aka ajiye wai ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Idan aka yi wa namu a Jos ko a Kumasi sai mu ce zalunci ne, kuma zaluncin ne. To me ya sa idan biro ya tsaya a kan sunan ɗan makanike a sakatariyarmu sai mu ce tsari ne?

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce guraben aiki da na karatu kaɗan ne, an raba su jiha-jiha ne don kada waɗanda suka riga mu nisa a boko su kwashe komai. Za a ce wanda ya karɓi takarda a nan zai iya komawa garin ubansa ya karɓi wata, ya ci tudu biyu, alhali ɗan ƙauyen Kano ba shi da wani wurin zuwa. Za a ce kuma mu buɗe namu ƙofofin alhali wasu sun garƙame nasu, wannan ai wauta ce. Na yarda da ta biyun musamman. Amma maganinta ba wuya: mutum ya zaɓi wuri ɗaya, a rubuta, a rufe ɗayan. Yanzu da ake da lambar katin ɗan ƙasa, gano mai cin tudu biyu bai kai wahalar gano asalin kakan kakan wani ba. Ƙwallo ma ta warware wannan tuntuni, shi ya sa Iñaki da ya zaɓi Ghana a 2022 ba zai sake sa rigar Sifaniya ba. Ta farkon kuwa, ɗan makaniken nan a makarantar gwamnati ɗaya ya zauna da ƙannena, a ƙasa, aji ɗaya mutum ɗari da wani abu. Duk koma-bayan da aka ƙirƙiro kason don a magance, shi ma ya sha shi daidai da kowa. Da me ya riga mu nisa? Ta ukun ce mai nauyi, don gaskiya ne gyaran na ƙasa baki ɗaya ne, jiha ɗaya ba za ta yi shi ita kaɗai ba. Sai dai mu da 'yan uwanmu suka fi kowa bazuwa a garuruwan mutane, mu ya kamata a ji muryarmu a gaba wajen neman gyaran, ba a same mu muna gadin ƙofa ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa Bilbao aljanna ce. Dokarsu dai katanga ce, ko an faɗaɗa ta. Sadiq Umar, ɗan Kaduna, ya zo ƙasar Bask a 2022 ya sa hannu a Real Sociedad, wadda ta ajiye irin wannan doka tun 1989 da ta sayo John Aldridge daga Liverpool. Ko da ƙwallo ɗari ya ci a can, Athletic ba za ta taɓa ɗaukarsa ba, don da gemunsa ya zo. Suna kuma ja wa dokar wuya kamar roba idan sun ga ɗan wasan da suke so: Aymeric Laporte haifaffen Agen ne a Faransa, wajen ƙasar Bask, sai da ya ɗan ratsa ta wata ƙungiyar Bayonne, a ɓangaren Bask na Faransa, aka ce ya cancanta. Maƙwabtansu Osasuna da Sociedad kullum cikin ƙorafi suke wai ana kwashe musu yara. Koci kuma dokar ba ta shafe shi ba, Bature ɗan Ingila Fred Pentland ne ya ja su suka lallasa Barcelona 12 da 1 a 1931, kuma ko sunan ƙungiyar, Athletic, Turancin Ingila ne, har gwamnatin Franco ta tilasta musu sauya shi a 1941. Wariyar launin fata ma ba ta mutu a Sifaniya ba, an yi wa Iñaki kukan biri a filin Espanyol a Janairun 2020. Abu ɗaya kawai nake ɗauka daga wurinsu: ƙungiyar da ta fi kowace a Turai kishin 'yan gida ta yarda cewa yaron da ya tashi a layinta ɗanta ne, ko wane suna ke bayan rigarsa.

Filin ƙwallonmu ma ya san haka, ofis ne bai sani ba. Daniel Amokachi haifaffen Kaduna ne, daga Ranchers Bees ya tashi, Ɗan Amokachi muke ce masa kuma ba mu taɓa jin nauyin faɗa ba. Ahmed Musa a Jos aka haife shi, mahaifiyarsa 'yar jihar Edo ce, amma tun da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya da rigar Kano Pillars babu Bakanon da ya taɓa neman ganin takardarsa. Da Chinedu Udoji ya rasu a haɗarin mota a Kano a Fabrairun 2018, bayan wasan Pillars da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba, na ga manyan mutane masu gemu suna share hawaye a majalisa. Kofunan gasar ƙasa huɗu da Pillars ta ɗauka, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, a je a duba jerin sunayen waɗanda suka ɗauko su, a ga ko biron ma'aikacin nan zai bar rabinsu su wuce.

Ɗan makaniken bai sake neman aikin ɗamara ba, shekarunsa sun wuce. Yanzu gyaran waya yake yi, yana da ɗan teburinsa da laima, ya yi aure har da 'ya'ya biyu, waɗanda su ma ranar da suka je sakatariya sunan kakansu zai riga su shiga. Duk ranar da Pillars ke wasa a gida yakan rufe teburin tun azahar, ya zura rigarsa mai ruwan ɗorawa da kore, ya hau Adaidaita zuwa Ƙofar Mata. Na taɓa zama kusa da shi a filin. Da 'yan wasa suka fito daga rami, mai ganga ya saki kiɗa, shi ne ya fara miƙewa tsaye kan siminti, ya ɗaga hannu biyu sama, jijiyar wuyansa ta fito, yana ihu da duk ƙarfinsa: "Sai Masu Gida!"